Amsoshin Saƙonninku: Sabon Aiki a Baƙuwar Ƙasa

Jama'a masu saurare, na Birni da na Zango, na Sabon Gari da Garin Malam, har zuwa Mirya, Magarya, Matamai, Kance, Tanut da Gure, da ku da kuke kama mu ta waya daga wasu ƙasashe, lokacin amsa saƙonninku ya yi. Na wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar wanda ya samu aiki a waje da abin da ya tarar da ya isa. Da yake batun ya taɓa sirrin gidaje, mun sakaya sunaye, gari ko unguwa kawai za mu ambata.

Saƙo na farko daga Abijan ya zo, ta ƙasar Kodebuwa. Mai saƙon ya ce: "Malam, ni ɗan Birni ne, aikin lantarki na koya. Wani kamfanin gine-gine ya ɗauke ni, na zo nan watan jiya. Ranar da na sauka murna kamar me, ga gadoji, ga dogayen benaye, ga ruwa iya ganin ido. Yanzu kuwa ruwan sama ba ya ɗaukewa, in na wanke riga sai ta kwana biyu ba ta bushe ba. In na gai da mutum, kafin in tambaye shi iyali ya yi gaba. Faransancinsu ma rabi nake ji. Da dare barci ba ya zuwa. In tattara in dawo ne, ko in daure?"

To ƙanena, sannu da baƙunta. Murnar ranar farko da ƙuncin yau, kada ka yanke hukunci da ko ɗaya daga cikinsu, domin ba ka riga ka san garin ba. Ruwan da ya dame ka, lokacinsa ne ka tarar. Mu nan abin da muke samu a shekara bai wuce milimita 400 da wani abu ba, cikin wata uku ya zuba ya ƙare. Abijan tana samun fiye da ninki huɗu na haka, kuma mafi ƙarfinsa tsakanin Mayu da Yuli ne, daga nan ya lafa. Sai dai ka nemi gidan sauro tun yau, don zazzaɓin can ba ya jiran damina. Gaisuwa kuma, mutumin da ke kwana a Abobo ko Yopougon yana aiki a Plateau, tun asuba yake layin gbaka, ƙananan motocin hayarsu. Sauri ne ya hana shi tsayawa, ba raini ba. Harshen da kake ji a titi kuwa akwai nushi a ciki, maganar matasansu, a kasuwa ga Julanci. Kunne zai saba.

Abubuwa uku nake so ka duba, su ne za su gaya maka ko ka zauna ko ka dawo. Na ɗaya takarda. Kwantiraginka a rubuce yake, da sa hannunka da na kamfani, kuma kana riƙe da naka kwafin? An yi maka rajista a CNPS, asusun ma'aikatansu, wanda ya yi daidai da CNSS tamu? Ka je ofishin jakadancin Nijar ka karɓi katin ƴan ƙasa mazauna can? Wannan na ƙarshen ya ƙara muhimmanci tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairun 2025.

Na biyu lissafi. Kuɗinmu da nasu sefa ɗaya ce, shi ya sa ake saurin ruɗewa. Mafi ƙarancin albashi a can jika 75 ne tun 2023, a nan jika 42 tun 2024, sai mutum ya ga kamar ya ninka samu. Amma mai gida a Abijan yakan nemi kuɗin ajiya na wata biyu da hayar wata biyu kafin ya miƙa mabuɗi, ga kuɗin mota safe da yamma, ga abinci da sai ka saya. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta shiga da fita. Abin da ya rage a ƙarshen wata, shi ne albashinka na gaskiya.

Na uku mutane. Kai ɗan Birni ne, ka san abin da ya kafa Zango. Zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke zuwa daga Tarabulus da Agadas da Kano da Barno, baƙo ba ya faɗawa gari kai tsaye. A Zango yake sauka wajen mai masauki, shi zai ajiye masa kaya, ya gaya masa farashi, ya nuna masa wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Kai ma nemi naka mai masaukin. Je Adjamé ko Treichville ranar Juma'a, ka tsaya bayan salla. Masu shayi, masu gasa nama, masu sayar da abincin garba, da yawansu ƴan Nijar ne, wasu sun shekara talatin a garin. Su za su gaya maka unguwar da haya ke da sauƙi da wadda ruwa ke cinyewa. Ka ba kanka wata uku, ka ga albashi uku. In takarda ta yi kyau, lissafi ya fita, ka samu ƴan'uwa, to zauna. In an hana ka kwantiragi ko ana yi maka wasa da albashi, dawo gida, ba abin kunya ba ne.

Saƙo na biyu na murya ne, wata baiwar Allah daga Matamai. Ta ce wani mutum ya zo ya ce zai kai ƙanwarta aikin gida a Saudiyya, da bizar Umara za ta shiga, in ta isa a gyara mata takardu. Wata ƙawarta da ta riga ta tafi ta ce ranar da ta ga Ka'aba ta manta da duk wata wahala. Tana tambaya, ta bari a tafi da yarinyar?

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya tun kafin a tafi. Ganin Ɗakin Allah ni'ima ce, Allah ya kai mu baki ɗaya. Amma aikin ba a Harami za a yi shi ba, a cikin gidan wani za a yi shi, ƙofa a rufe. Bizar Umara ba ta halatta aiki. In wa'adinta ya cika, ƙanwarki ta zama marar takarda, irin waɗanda ake kira takari, kullum cikin ɓuya, in aka kama sai gidan tarhil, wato gidan tsarewa, sannan a maido mutum. Maganar "a gyara in an isa" ita ce ƙofar wahala.

Hanyar da doka ta sani daban take. Ana ba da bizar aiki tun daga nan, ana rubuta kwantiragi ta tsarin hukumarsu da ake kira Musaned, in ta isa mai gidan, wato kafili, ya fitar mata da iƙama, katin zama. Dokarsu ta hana ɗaukar mai aikin gida da ba ta kai shekara 21 ba, ta ba ta ranar hutu a mako, ta kuma hana kafili riƙe mata fasfo. Duk da haka ana riƙewa, shi ya sa nake cewa kafin ta taka jirgi ku ɗauki hoton fasfo da biza da kwantiragi, ku ajiye a gida. Ta haddace lambar wayarki, ta rubuta ta ofishin jakadancinmu na Riyad da ƙaramin ofishinmu na Jidda a wata takarda daban. Ku tambayi mutumin nan: wane gari, wane gida, riyal nawa a wata, wa zai biya jirgin dawowa, za a bar ta da wayarta? In ya fara kame-kame ko ya ce kun cika tambaya, kin samu amsarki. Kuma in Allah ya yi tafiyar ta hanyar da ta dace, ku sani suna gabanmu da awa biyu, hutunsu Juma'a da Asabar ne. Ku tsayar da rana da lokacin kira, don in ta yi shiru ku gane da wuri.

Na uku wasiƙa ce da hannu, wani dattijo daga Mirya ya sa aka rubuta masa. Ya ce ɗansa ya tafi Aljeriya, ya samu aikin gini a Oran. Tun makon farko yake turo hotuna, ga shi bakin teku, ga shi gaban manyan shaguna, ya ce ƙasar ta haɗu. Amma wata biyar ke nan ko dala bai aiko ba. Yanzu ƙanensa ya tayar da hankali shi ma sai ya bi shi. Baba yana tambaya: yaron ya manta da gida ne? Kuma ya bar ƙaramin ya tafi?

Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja da kwana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaro in ya isa sabon wuri, abin da ya burge shi yake ɗauka a hoto, ba ya ɗaukar inda yake kwana. Yaranmu da yawa da ke aikin gini a arewacin Aljeriya, cikin ginin da ba a gama ba suke shimfiɗa, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi ne haɗe da ruwa, ba irin hunturunmu na ƙura ba. Wanda ba shi da izinin zama da na aiki, in mai aikin ya riƙe masa kuɗi ba shi da inda zai kai ƙara. Ko ya tara ma, dinarinsu ba kuɗi ba ne da ake fitar da shi cikin sauƙi. Ba kamar nan ba ne da za ka shiga Nita ko Amana ka aika, a karɓa a Mirya kafin ka koma gida. Sai an bi ta hannun ƴan kasuwa ko mai dawowa, kuma ana cire wani abu. Saboda haka kada ka yi saurin cewa ya manta.

Shawarata, in kun yi waya kada ka fara da maganar kuɗi. Tambaye shi ina yake kwana, su nawa ne a wurin, yana da bargo, an biya shi na watan jiya? Ka ce masa ko bai aiko ba kai ubansa ne. Yara da yawa kunya ce ke sa su ci gaba da turo hoton bakin teku. Ka kuma tura shi masallaci, zai ji karatun Warshu irin na makarantar allonmu, su ma Malikawa ne, nan zai fara samun na saba.

Batun ƙaramin kuwa, a dakata. Gaskiya ne an soke dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, amma wannan a ɓangarenmu ne, bai ba kowa takarda a Aljeriya ba. Har yanzu ana kwaso mutane a manyan motoci a sauke su Assamaka, wasu ko kayansu ba a bari su ɗauka ba. Kuma mutanen Kance ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace. Ƙaramin ya jira har wansa ya faɗi gaskiyar zamansa da bakinsa.

Ga wani gajere daga wani tela ɗan Magarya da aka ɗauka aikin surfani a Kano. Ya ce shi bai ji ya bar gida ba, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sai da ya shiga kasuwa ya fara lissafi da dala aka yi masa dariya. Yana tambaya, Kano ma ƙasar waje ce?

Maigida, a zuciya ba waje ba ce, a takarda waje ce. Ka riƙe katin shaidarka a jiki, ka bi ta kan iyaka a buga maka abin da ake bugawa. Sannan ka kula da canji. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, naira kuwa yau ta hau gobe ta sauka. In iyalinka na Magarya, riƙa canzawa kana aikowa a kai a kai, kada ka tara naira ta wata shida. In Kanawa sun ci gaba da dariyar, tuna musu cewa a ƙarshen ƙarni na 19 Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har ƙasarsu, kai kuwa da zare da allura kawai ka zo, su gode Allah.

Jama'a, lokaci ya cim mana. Ga ku da kuke waje, roƙona ɗaya ne: in za ku ba na gida labari, ku haɗa da kuɗin haya da awowin aiki da halin takardunku, domin da labarinku ƙannenku ke yanke shawarar tafiya. Akwai saƙonni biyu daga Libiya da ɗaya daga Kanada da ba mu kai gare su ba, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙu, ko saƙon murya ta WhatsApp, kuma wanda ba ya son a ambaci garinsa ya faɗa tun farko. Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a neman kowa, ya maido su gida lafiya.