Miƙa wa Malam Wayar

Wata ɗaliba daga Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, a ƙasar Sudan, ta tambaye ni yadda za ta gano abin da ke ran malami a lokacin da yake karantar da yaran da suka tashi da Hausa a gida, alhali darasin da Larabci ne.

Malama, ɗauki darasin a bidiyo, sannan ku zauna da malamin ku kalla tare. Dabarar tsohuwa ce, tun 1953 Benjamin Bloom ya yi amfani da ita a Jami'ar Chicago, shi da sautin murya kawai.

Kada ki bari abin ya wuce kwana biyu, gara ma ranar, bayan la'asar. In ya daɗe, malam zai ba ki labarin yadda ya kamata a koyar ne, abin da ya faɗo masa a aji ya riga ya gushe.

Ki miƙa masa wayar, shi zai riƙa tsayar da hoton inda ya ga dama. Tambayarki kuma guda ce: "Malam, a nan me ke ranka?" Ki guji "me ya sa ka yi haka?", don da ya ji ta zai ɗauke ki sufeto, ya shiga kare kansa. Wurin da za ki fi samun abin rubutawa shi ne inda yaro ya yi turus, malam ya saki Larabci ya jefa kalmar Hausa. Wani malamin zai ji nauyi, ya so a wuce wurin da sauri. Kada ki matsa, ki yi shiru kaɗan, sau da yawa da kansa zai komo. Ki bar shi ya amsa da harshen da ya zo masa. A Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kina iya jin Fulatanci ma ya shigo.

Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane ba sa sakin jiki da kamara. Fara da shugaban makaranta da dattawan gari, ki nemi yardar iyaye, musamman na 'yan mata. Ki kafa wayar daga bayan aji, ta fuskanci allo. In halwa ce, wato makarantar allo, izinin Shehi ne farko. Ki taho da batirin caji cike.