Ruwa a Daɓen Motar Kaya: A Nemi Mashigarsa, a Bar Masa Mafita

Tambaya: Ni direba ne a Mahuta, ina da motar J5 da nake ɗaukar hatsi da takin zamani zuwa kasuwannin Funtua, Dandume da Bakori. Tunda damina ta kankama, duk ranar da aka yi ruwa sai in tarar buhunan ƙasa sun jiƙe, ƙarƙashin shimfiɗar roba kuma ruwa kwance. Na sa an shafe ƙasan motar da kwalta, amma abin sai gaba yake yi. Ina mafita?

Amsa: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Kwaltar nan da aka shafa ita ta ƙara dagula lamarin, domin ta toshe ƙofofin da ruwa yake fita, ta bar waɗanda yake shigowa a buɗe. Ka riƙe wannan da kyau: inda ka ga ruwa ya kwanta ba nan ya shigo ba. Kamar yoyon ɗakin kwano ne, ɗigo yana sauka a tsakar ɗaki alhali ƙusar da ta saki tana can kusa da bango. A mota ma ruwa yakan shiga ta rufi, ya bi cikin ginshiƙin ƙofa, ya gangara ta bayan kwalin bango, sai ya taru a mafi kwarin wuri a daɓe.

Ruwan kuma ba kaɗan ba ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ne. Rufin J5 ya kai murabba'in mita 7, don haka ruwan milimita 30, irin wanda ake yi a dare ɗaya cikin Agusta, ya haura lita 200, wato durom guda. A kan tamfol ɗin tirela mai tsawon mita 12, ya fi durom huɗu. Yankinmu na Funtua da Malumfashi yana samun kusan milimita 1,000 a shekara. J5 kuwa tun farkon shekarun 1990 kamfanin Peugeot ya daina ƙera ta, ka ga ƙaramar cikinsu ta haura shekara 30, robobinta sun sha rana da hunturu sun tsattsage.

Da farko a san wane ruwa ne

Ruwa ba ya tsami banza, kuma iri huɗu ne ke jiƙa daɓe. Na farko na sama, wanda ke shiga ko mota tana tsaye. Na biyu na ƙasa, wanda taya ke watsowa in ana gudu a jiƙaƙƙen titi ko an faɗa kududdufi. Shi yakan zo da laka ko jar ƙasa. Na uku gumin kaya: ɗanyar masara ko shinkafar da ba ta gama bushewa ba, in aka rufe ta ruf, tururinta yana taruwa a jikin rufi da dare ya ɗigo, ko da ba a yi ruwa ba. Na huɗu ruwan motar ne da kanta, daga tiyon lagireto da ke shiga gaban mota, ko tiyon iyakwandishan da ya toshe a motocin da ke da shi.

Rarrabe su ba wuya. Ka sauke kaya, ka ɗage shimfiɗa gaba ɗaya, ka goge daɓen, ka bar ƙofofi a buɗe cikin rana har ya bushe ƙarau. Ka shimfiɗa kwalaye, ka bar motar ta kwana a waje ranar da hadari ya haɗu. In kwali ya jiƙe tana tsaye, daga sama ne. In bai jiƙe ba sai bayan ka je Malumfashi ka dawo cikin ruwa, daga ƙasa ne.

Gwajin buta da tocila

Wannan aikin mutum biyu ne. Kafin a taɓa ruwa, ka shiga ciki da tsakar rana, a rufe ƙofofi, a lulluɓe gilasai da barguna. Duk inda ka ga tsinin haske a rufi ko a daɓe, ka zagaye shi da alli.

Daga nan ka zauna ciki da tocila, yaron mota yana waje da buta ko tiyo marar ƙarfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwara bokiti a kan rufi. In aka yi haka ko'ina zai jiƙe lokaci guda, ba za a san ta ina ya shiga ba. Daga ƙasa ake farawa a yi sama. A fara da rumfar taya, a ɗauki kamar minti biyar ana zubawa a wuri ɗaya. In ciki bai nuna komai ba, a hau zuwa fitilun baya, sai ƙasan ƙofofi, sai robar gilas, sai kwatamin gefen rufi, a ƙarshe ƙafafun kariyar ɗaura kaya da ke kan rufi. Ka barbaɗa garin alli ko toka a gindin bango da kusurwoyi. Ruwa in ya biyo zai ja layi a ciki, kai kuma ka bi layin zuwa tushensa. Kada ka yi gaggawa, wani yoyon sai ya cika wani lungu kafin ya bayyana.

Wuraren da aka fi kama ɓarawon

Ƙafafun kariya su ne kan gaba. An huda rufi an ɗaura noti, sannan lodi da gargadar hanyoyin ƙauye suna girgiza shi har hujin ya faɗaɗa. Sai kwatamin gefen rufi, inda ganye da ƙura ke kwanciya su haifi tsatsa. Sai robar ƙofar baya da ta ƙofar gefe mai ja. Ka rufe ƙofa a kan takarda ka ja ta, in ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu a nan. Sai hujin da mai gyaran wayoyin mota ya yi don ƙarin fitila bai sa masa roba ba.

Akwai kuma magudanai da masu ƙera mota suka bari da gangan: ƙananan huji a ƙasan kowace ƙofa, da na gefen bodi ta ƙasa, da mazurarin da ke gindin gilashin gaba. Ƙaiƙayi, ganyen darbejiya da laka suna cushe su. Ka jijjiga ƙofa, in ka ji ruwa yana kaɗawa a ciki, sa waya ka zungure hujin, za ka ga baƙin ruwa ya tsiyayo.

Masu buɗaɗɗiyar mota su lura da ɗaurin tamfol. Bakinsa ya sauka ta wajen bodi. In aka cusa shi ta ciki, ya zama mazurari zuwa kan buhu. In tamfol biyu ne, na gaba ya hau kan na baya don kada iska ta tura ruwa ta tsakaninsu. A tayar da tsakiyar lodi yadda ruwa ba zai sami wurin kwanciya ba.

Gyaran da zai daɗe

A kankare kwaltar daga duk inda ta rufe magudana ko ta hau kan tsatsa. Tsatsar da aka lulluɓe tana ci gaba da ci a ɓoye. A goge da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya fito, a dinga dannawa da sukundireba. Inda ya lotsa ko ya ɓule, a yanke a yi waldar sabon falle. Foti ba ya riƙe daɓen da ake ɗora wa buhu. Kafin walda a cire kan batir, a fitar da shimfiɗa, a kula da tanki da tiyon mai. Bayan walda a shafa jan fentin hana tsatsa, a bi da fenti, sannan abin shafen ƙasan mota ya zo a ƙarshe, kan busasshen ƙarfe.

Wajen liƙe gaɓoɓi, ka guji silikon ɗin gini mai warin tsami. Sinadarinsa yana cin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama shi. Ka nemi gam ɗin bodin mota, irin wanda masu sa gilas ke amfani da shi. Notin kariya a kwance shi, a sa wasar roba da gam a ƙarƙashi, a sake ɗaurewa. Robar da ta mutu a canza ta, kada a shafa mata baƙin mai, yana lalata roba. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A sa waigi, ko a hau ramin wanki.

Huji a daɓe ba ruwa kaɗai yake shigarwa ba. Hayaƙin salansa ma yana bi ta nan, kuma a cikinsa akwai iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Direban da ke kwana a mota da inji a kunne ya ɗauki wannan da muhimmanci.

Kafin ka gama gyara, ka jera katako a daɓe don buhu ya ɗaga daga ƙarfe. Masarar da ta jiƙe tana yin fumfuna mai gubar da ke lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kawar da ita, kuma wani gida ne zai tuƙa tuwo da ita. Duk ranar da ka ɗauki taki ko gishiri, ka wanke daɓe ka busar, domin suna jan laima suna cin ƙarfe. Sannan ka mai da watan Afrilu lokacin duba robobi, noti da magudanai kowace shekara, tun ƙarfe yana bushe, gam yana kamawa. Kayan da ke bayanka amanar manomi ne da ɗan kasuwa, kuma yini ɗaya na bincike ya fi araha a kan biyan diyyar buhu goma.