Darasi: Ƙuri'arki Shaida Ce, Ki San Wanda Kike Ba Wa

Ranar zaɓen tarayya takardu uku ake miƙo miki: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Da yawanmu ta farkon kawai muke kula da ita, sauran biyun sai mu dangwala yadda ta kama. Wannan sakaci ne.

Jihar Kaduna tana da sanatoci 3 cikin 109, da 'yan majalisar wakilai 16 cikin 360. Su ke yin doka, su ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa. Ke da ke Tudun Wada, wakilinki na mazaɓar Kaduna ta Kudu ne, amma sanatanki na Kaduna ta Tsakiya ne. Kujerar sanatan nan Shehu Sani ya ci a 2015, Uba Sani a 2019, Lawal Adamu Usman a 2023. Kin ga ke nan ba gadon kowa ba ce.

Ki lura, tambarin jam'iyya ne a takardar, babu sunan ɗan takara. Don haka tun a gida ki bincika wane ne a bayan kowane tambari, ku tattauna da maigida, ki tambayi halinsa da riƙon amanarsa.

Matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri. Kada ki musanya wannan dama da sabulu da taliya. Sabulu sati guda ne, kujera shekara 4. Dangwalawar nan shaida kika bayar, kuma za a tambaye ki gobe ƙiyama.

Allah Ya zaɓa mana shugabanni masu tausayinmu, amin.