Kwamfuta da Jerin Bayanai: Darasi Daga Ruwan Masana'antun Kano

Sanin kowa ne a Kano cewa gurɓataccen ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda manoma ke ban ruwan latas da kabeji. Majemun zamani suna jima da sinadarin kuromiyam, shi ya sa mukan tura ɗalibai su ɗebo ruwan a auna.

To, a ce ɗalibi ya ajiye sakamakon kowace unguwa a fayil guda, sannan ya umarci kwamfuta ta karanto su ta haɗa da jerin sunayen da ya rubuta: Bompai, Challawa, Sharaɗa. Idan manhajar ba ta ɗaure tsarin jerin ba, wata kwamfutar za ta fara da Sharaɗa. Sai a ɗora wa Bompai awon Sharaɗa, kuma babu ƙararrawar da za ta kaɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Hawaii ta Amurka, suna nazarin sinadarai daga wata gansakuka ta ruwa, suka tarar wata manhaja da aka wallafa a 2014 tana ba da amsa dabam-dabam a kwamfutoci dabam-dabam. Dalili kuwa, ta bar wa kowace kwamfuta ta jera fayiloli yadda ta ga dama. Maganin bai wuce umartar ta da ta jera su bisa haruffa ba.

Ko tarawa ma tana kula da tsari, abin da ke ba ɗalibaina mamaki kullum. Kwamfuta ba ta iya riƙe 0.1 cif-cif. Ka tara 0.1 da 0.2, sannan ka ƙara 0.3, za ta ba ka 0.6000000000000001. Ka fara da 0.2 da 0.3, sai ta ce 0.6. Ɗigo ne, amma a lissafi mai matakai miliyan yakan taru.

Wannan ne ya sa magina manhajar lissafi suka mai da shi ƙa'ida: bayanai iri ɗaya, jeri iri ɗaya, amsa iri ɗaya, yau da gobe. Harshen Python, alal misali, tun 2018 ya lamunce cewa ƙamusunsa za su riƙe tsarin da aka shigar da abubuwa. Malami na iya gwada tarawar nan a aji da duk kwamfutar da ke da Python.