Yadda Ake Shirya Hanyar Kwalta da Lissafin Kuɗinta

Yau ina so mu yi darasin lissafi, amma a bakin ƙofar makaranta za mu yi shi. Wata rana waninku zai zama hedimasta, iyayen yara su tara kuɗi su ce a zuba kwalta daga ƙofa zuwa ofis. In bai san awo ba, abin da ɗan kwangila ya faɗa shi zai biya, amanar jama'a kuwa tana wuyansa.

Da fari ku sani, kwaltar da muke gani hula ce kurum. Abin da ke ɗauke da nauyin mota yana ƙarƙashinta. Babban abokin gābar hanya kuwa ruwa ne, balle a nan kudu inda damina ke da tsawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa yake, da ya sami kafa sai ya jiƙa ƙasan, kwalta ta lotsa, rami ya buɗe.

To, ga yadda aikin ke bi. A kankare ƙasar sama duka, wajen santimita 15, a tumɓuke saiwoyi, gama ciyawa takan ruɓe ta bar kogo. Sa'an nan a gwada ƙasar da aka tarar. A ɗebi kaɗan a jiƙa, a murza a tafin hannu. In ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, yumɓu ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani. Irin wannan sai a ƙara haƙa, a cike da marmara. A kuma bi da tifa mai kaya a kan wurin, duk inda ƙafarta ta nutse a tone a gyara.

Bayan wannan a zuba marmara kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe da rola. A bi da fasasshen dutse kaurin santimita 15, shi ma a daɓe. Tsakiyar hanya ta fi gefe tudu, santimita 2½ ga kowace mita, don ruwa ya gangara. A haƙa lambatu a gefe, a sa kwalbati inda ruwa ke ƙetarewa. Sa'an nan a fesa ruwan kwalta, kamar lita 1 ga kowane murabba'in mita, a bari ya shiga. Daga ƙarshe a shimfiɗa kwalta da zafinta, a daɓe tun ba ta huce ba. Da rani ake wannan aiki. Tun ran gini ran zane.

Yanzu sai lissafi. A ce hanyarmu tsawonta mita 40, faɗinta mita 4. In mun ninka, murabba'in mita 160 ke nan. Ma'aunin ƙasa kuwa shi ne kubik, watau cikin akwati mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya ɗaya. Ƙasar da za a kwashe, 160 sau 0.15, kubik 24. Marmara ma 24 ce, amma tana raguwa in an daɓe, don haka a ƙara rubu'i, ta zama 30. Dutse shi ma 30. Ruwan kwalta lita 160. Tudun tsakiya santimita 5, gama daga tsakiya zuwa gefe mita 2 ne.

Kwalta ita da tan ake sayenta. Kauri santimita 5, watau 160 sau 0.05, kubik 8. Kowane kubik nauyinsa wajen tan 2.4 ne, jimla tan 19.2, a sayi 20. Ku lura da wannan da kyau: in aka shimfiɗa santimita 3 maimakon 5, tan 11½ kaɗai ya shiga. Kusan tan 8 ya ɓace, ido kuwa ba ya gani daga sama. Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniya cewa kaurin bayan daɓe ake nufi, a kuma ƙirga tifofin da suka shigo.

Farashi yakan sauya, domin yawancin kwaltarmu daga waje ake kawo ta, ko da yake Allah ya ajiye ta a ƙasar Agbabu ta Jihar Ondo. Don haka a tambayi masu sayarwa uku a makon da za a fara. A ninka kowane adadi da farashinsa, a haɗa da kuɗin dako, da hayar rola, da ladan leburori, da aikin lambatu. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba. In kuɗi bai kai ba, shawarata a gama ƙasa da lambatu bana, kwalta ta jira baɗi. Araha ba ta ado.

Ga aikinku: ku auna hanyar da ta tashi daga ƙofar kwalejinmu zuwa ɗakin cin abinci, ku fitar da tan nawa za ta ci.