Mu San Duniya: Orvieto, Garin Kan Dutse

'Yan'uwa ɗalibai, Orvieto tsohon gari ne a Italiya, yana kan dutse. Baƙi kan taso daga birnin Roma da safe a jirgin ƙasa, su koma da yamma. An fara gina babban cocinsa a 1290, aka shafe kusan shekara 300 ana aiki. Bangonsa ratsi-ratsi ne, fari da baƙi.

Ni dai rijiyar garin ta fi burge ni. Dutse na kare mutane daga mahara, amma in an yi musu ƙawanya, ina ruwan sha? Shi ya sa Paparoma ya sa a haƙa ta a 1527. Zurfinta mita 53 ne, matakalarta biyu, don kada alfadari mai sauka ya yi karo da mai hawowa da ruwa.