Malami a Cikin Na'ura: Hasashen 1966 da Wayar da Ke Hannun Ɗalibi a Yau

A shekarar 1966, Patrick Suppes, farfesa a Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya rubuta a mujallar Scientific American cewa nan da 'yan shekaru miliyoyin ɗalibai za su samu malami na kansu a cikin kwamfuta, mai ilimi da saurin fahimtar ɗalibi kamar Aristotal, wanda ya karantar da Iskandar ɗan sarkin Makidoniya. A lokacin kwamfuta guda ɗaya tana cika ɗaki, kuma galibi manyan cibiyoyi irin su jami'o'i da manyan kamfanoni ne ke iya mallakarta.

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan doki ba. Shekaru goma kafin nan aka yi taron Dartmouth, inda John McCarthy da abokan aikinsa suka kafa fannin ƙirƙirarriyar basira, wato AI. A 1957 Herbert Simon ya ce cikin shekara goma kwamfuta za ta zama zakaran duniya a wasan dara na ches. Sai a 1997 Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, an yi lattin shekara talatin ke nan.

Abin da Suppes ya iya ginawa a zahiri bai kai ko kusa da Aristotal ba. Manhajarsa tana ba yaro lissafi, idan ya amsa daidai ta ƙara masa mai wuya, idan ya faɗi ta sauko da shi ƙasa. Wannan yana da amfani, kuma har yau manhajojin koyo irin su Duolingo suna tafiya a kan wannan dabara. Amma na'urar ba ta san dalilin da ya sa yaron ya yi kuskure ba. Malamin kirki kuwa, da ya ga ɗalibi ya ce 1/2 a tara da 1/3 ya zama 2/5, ya gane cewa ya tara na sama da na sama ne, na ƙasa da na ƙasa, sai ya gyara tunanin daga tushe. A nan aka daɗe ana cijewa. Ko SCHOLAR, manhajar da Jaime Carbonell ya gina a 1970 mai iya yin tambaya da amsa da ɗalibi, iyakarta labarin ƙasa na Kudancin Amurka.

Fitowar ChatGPT a watan Nuwamba 2022 ta cika rabin alƙawarin: ana iya tambayarsa kusan kowane darasi, da tsakar dare, a wayar da ke aljihu. Sai dai aikinsa shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, don haka yana iya kawo amsar ƙarya cikin yaƙini, har ya ƙirƙiri sunan littafin da babu shi. Akwai kuma wata matsalar. Na'urarsa ita ke yi wa yaro tambaya, ta yau kuwa ɗalibi ne ke tambayarta, ta yi masa aikin gida baki ɗaya, ranar jarrabawa kuma babu waya a zaure.

Ana iya juya lamarin. Ɗalibi ya umarci manhajar ta riƙa yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya, kada ta faɗi amsa sai ya gwada, kuma idan ya kuskure ta nuna masa matakin da ya kauce. Duk kwanan wata, adadi ko sunan littafi da ta bayar, ya duba shi a littafin makaranta kafin ya shigar da shi cikin aikinsa.